Yadda Kanada Ke Zaɓen Ƙwararrun Baƙi Domin Zama na Dindindin

Assalamu alaikum masu kallonmu. A majalisun matasa na Birnin Kebbi da Argungu da Jega, akan ji labarin cewa wane ya samu takardar zaman dindindin a Kanada, kuma yawancin masu sauraro sukan ɗauka cewa ko dai sa'a ce ta faɗa masa, ko kuma yana da wanda ya tsaya masa. A yau za mu bayyana yadda ake yin zaɓen, domin lissafi ne na maki wanda kowa zai iya yi wa kansa kafin ya kashe ko sisin kwabo.

Tun a shekarar 1967 Kanada ta fara auna masu neman zama da maki, bayan ta shafe shekaru tana fifita Turawa. A watan Janairun 2015 kuma ta ƙaddamar da tsarin Express Entry, inda mai nema ke shigar da bayanansa ta intanet kyauta, a ba shi maki daga cikin 1,200, sannan a jera shi a sahu tare da sauran masu nema daga ko'ina a duniya. Lokaci zuwa lokaci hukumar shige da fice takan sanar da mafi ƙarancin makin da za ta karɓa, ta gayyaci waɗanda suka kai shi, ta ba su kwana 60 su miƙa cikakkun takardunsu.

Abubuwan da ke kawo maki su ne shekarun haihuwa, da zurfin karatu, da ƙwarewar aiki, da iya Turanci ko Faransanci. Batun shekaru shi ne ya fi ba mutanenmu mamaki, domin cikakken maki na hannun mai shekara 20 zuwa 29 ne. Daga 30 makin ke fara zaizayewa, wanda ya kai 45 kuwa ba ya samun komai ta wannan fuska. Dalilin a fili yake: al'ummar ƙasar na tsufa, saboda haka tana neman wanda zai daɗe yana aiki yana biyan haraji. Takardar digiri ko ta difloma, ko daga jami'ar Aliero aka samo ta ko daga Kwalejin Waziri Umaru, sai wata hukumar tantancewa irin su WES ta fayyace matsayinta kafin a lissafa ta.

A shekarar 2023 aka ƙara wani salo da ya ɗaure zaɓen da buƙatun kasuwar aiki kai tsaye. Gwamnati ta ware rukunan da take da ƙarancin ma'aikata a cikinsu, wato kiwon lafiya, da kimiyya da fasaha, da sana'o'in hannu kamar kafinta da aikin famfo, da sufuri, da noma, ta riƙa gayyatar masu waɗannan sana'o'i daban. Kamar dai manomin shinkafa ne a fadamar Suru: lokacin dashe masu dashe yake nema, lokacin girbi kuma masu yanka. Haka jerin ke sauyawa, sana'ar da ake rububinta bana tana iya fita baɗi. Larduna ma suna da nasu jerin, kuma wanda wani lardi ya zaɓa yana samun ƙarin maki 600.

Akwai rukuni guda da ya kamata mutanen Kebbi su dube shi da idon basira, shi ne na masu jin Faransanci. Kanada na son ƙara yawansu a sauran lardunan da ba Kwibek ba, lardin da aka fi jin Faransanci, har tana ba da ƙarin maki da ya kai 50 ga wanda ya haɗa harsunan biyu, kuma makin da ake yankewa a wannan rukuni sau da yawa yakan yi ƙasa da na gama-gari. Jiharmu tana iyaka da Nijar da Benin, kuma ɗan Kamba da ke tsallakawa Gaya ta Nijar cin kasuwa ya riga ya saba da harshen a kunne. Sai dai Faransancin ciniki ba zai wadatar ba, dole ne a zauna jarrabawar TEF ko TCF, wadda ke gwada karatu da rubutu da saurare da magana.

Ƙofar kuma ta ɗan tsuke. Gwamnati ta rage adadin da ta tsara karɓa a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000, bayan ƙorafi kan tsadar gidaje. A watan Maris na shekarar ta soke makin da ake bayarwa kan takardar tayin aiki, saboda dillalai sun mayar da ita hajar sayarwa. Duk wanda ya zo muku da irin wannan takarda yana cewa za ta ƙara maki a Express Entry, tsohon zance yake sayarwa.

Ma'aikatan jinya da likitoci su lura cewa takardar zama daban, lasisin aiki daban. Kowane lardi yana da hukumarsa ta rajista da jarrabawarta, kuma kafin a kammala wannan mataki, ƙwararre kan yi watanni ko shekaru yana wani aikin da bai kai matsayin karatunsa ba.