Sharhi: Northern Rail da jiragen da aka ƙera da bodin bas

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai kai mu arewacin Ingila, inda jirgin ƙasa ya fara tsayawa da ƙafafunsa. A can aka buɗe layin Stockton zuwa Darlington a 1825, sannan na Liverpool zuwa Manchester a 1830. Masu masaƙun yankin ma suna cikin waɗanda suka matsa lamba a shimfiɗa dogon da ya iso Kano a 1911, saboda kwaɗayin audugarmu. Amma jikokin waɗannan mutane sun shafe fiye da shekara 30 suna zuwa wurin aiki a cikin jiragen da mutanen Landan ba za su yarda su shiga ba. Kamfanin da ya fi shan zagi a kan haka shi ne Northern Rail, wanda yanzu babu shi.

Bayan gwamnatin John Major ta wargaza British Rail, hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, a tsakiyar shekarun 1990, an yanka harkar fasinja gunduwa-gunduwa, ana ba 'yan kasuwa kwangilar kowane yanki na wasu shekaru. A Disamban 2004 aka haɗe ƙananan layukan arewa maso yamma da na arewa maso gabas aka miƙa wa Northern Rail, haɗin gwiwar kamfanin Serco na Birtaniya da wani reshe na hukumar jiragen ƙasa ta Holland wanda daga baya ya koma Abellio. Aikin ba ƙarami ba ne: kusan tafiya 2,500 a rana, tsakanin Manchester, Leeds, Liverpool, Sheffield, Newcastle da ɗaruruwan ƙauyuka.

Matsalar tana cikin takardar kwangilar tun daga ranar farko. Hukuma ta rubuta ta ne a kan hasashen cewa fasinjojin arewa ba za su ƙaru ba, don haka ba a tanadi sayen sabon jirgi ko ɗaya ba. Kamfanin ma ba shi ke da taragan ba, haya yake yi daga kamfanonin da suka saye su lokacin gwanjon British Rail. Sai ga shi biranen arewa sun farfaɗo, ofisoshi da jami'o'i sun cika, fasinjoji suka tashi daga kimanin miliyan 73 a shekara zuwa wajen miliyan 97 kafin kwangilar ta ƙare. Mutane na ƙaruwa, kujeru kuwa ba sa ƙaruwa sai ɗan abin da aka samu na kwance daga wasu yankunan.

To waɗanne jirage ne suka ɗauki wannan nauyi? Akwai masu dama-dama. Samfurin Sprinter masu aiki da dizal, irin su 150 da 156 da 158, su ne ke bin dogayen layuka, ciki har da na Settle zuwa Carlisle mai ratsa gadar Ribblehead. Akwai na lantarki samfurin 333 da ke tashi daga Leeds zuwa Bradford da Skipton da Ilkley, su ne mafi sabunta a hannun kamfanin, kuma gadonsu ya yi. Amma fuskar Northern Rail a idon jama'a ita ce Pacer, wato samfurin 142 da 144, waɗanda kamfanin ke da fiye da 100.

Ku saurari yadda aka yi Pacer. A shekarun 1980 British Rail ba ta da kuɗi, tsofaffin jiragenta na dizal sun gaji, ƙananan layuka na fuskantar rufewa. Sai injiniyoyi suka ɗauko bodin motar bas ta kamfanin Leyland suka ɗora a kan ƙarfen da aka samo daga tsarin taragon dakon kaya. Tarago na fasinja yakan zauna a kan ƙafafu takwas masu juyawa da lanƙwasar hanya. Na Pacer huɗu ne kacal, a kafe. Shi ya sa idan ya shiga kwana sai ka ji ƙarfe na kuka har cikin haƙora, idan ya hau mahaɗar dogo sai ya riƙa tsalle, har aka yi masa laƙabi da jaki mai gyaɗa kai. Kujerun na bas ne, ƙofar ma irin mai naɗewa ce ta bas, iskar hunturu na kutsowa ta gefenta. Da safe a tashar Manchester Victoria tarago biyu ne za su iso a cike maƙil, a bar mutane tsaye a bakin dandamali suna duba agogo. Mai keken guragu kuwa sai an shimfiɗa masa katako kafin ya haye matakala, kuma ban ɗakin jirgin bai shiguwa gare shi.

Gaskiya dai ba za a raina wa Pacer ba. Arha gare shi, bai cika lalacewa ba bayan an sauya masa inji da giya, kuma ya riƙe layukan karkara da dama a lokacin da rufe su ya fi sauƙi. Har Iran ta sayi wasu daga samfurin farko. Laifin yana wuyan waɗanda suka mayar da maganin wucin gadi na shekara 20 ya zama abin dindindin, saboda kawai masu hawa ba 'yan babban birni ba ne. Ko da aka ja wutar lantarki tsakanin Liverpool da Manchester a 2015, jiragen da aka kawo samfurin 319 ne da suka gama aiki a layin Thameslink na Landan, ƙirar ƙarshen shekarun 1980. A wannan shekarar ne ministan sufuri Patrick McLoughlin ya ba da umarnin a kawar da Pacer, duk da babban sakataren ma'aikatarsa ya ce lissafin kuɗin bai fita ba. Ni dai ina ganin ministan ne ke da gaskiya, domin lissafin da bai sa wahalar fasinja a ciki ba gurgun lissafi ne.

An yi ta tsawaita kwangilar Northern Rail har zuwa ƙarshen Maris 2016, sannan Arriva, wani kamfanin sufuri, ta karɓa, ta yi odar sabbin jirage 101 daga kamfanin CAF na Sifaniya. Ita ma ba ta daɗe ba. Sauyin jadawalin Mayun 2018 ya rikita komai, aka riƙa soke ɗaruruwan tafiye-tafiye, ga yajin aiki, ga jinkirin isowar sabbin jiragen. Ranar 1 ga Maris 2020 gwamnati ta ƙwace aikin ta miƙa wa kamfaninta, Northern Trains. A ƙarshen shekarar Pacer ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a arewa, wasu aka kai gidajen tarihi, wasu aka mayar da su ajujuwa da ɗakunan taro, sauran aka yanka. Sprinter kuwa, sa'o'in Pacer a haihuwa, suna nan suna jigilar mutanen Lancashire da Yorkshire, kuma ba a sa ran magadansu su fara aiki kafin wajen 2030.