Masu Sayar da Iska: Labarin Kamfanin Air Liquide

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan doguwar tukunyar ƙarfe da ke tsaye a rumfar wani mai walda a kasuwar Katako, nan Yamai. Irinta ce ake turowa gefen gadon maras lafiya in numfashi ya yi masa wuya. Abin da ke cikinta oksijin ne, kuma daga iskar da muke shaƙa kyauta aka tsamo shi. To ta yaya aka yi wani ya mai da iska haja har ya tara dukiya?

Iskar da ke kewaye da mu gauraye take. Kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, wanda ƴan lakwal ke kira azot. Kashi 21 oksijin ne, sai argon da bai cika kashi 1 ba. Raba su shi ne aikin, kuma sirrin yana cikin sanyi. In aka matse iska aka sanyaya ta ƙwarai, sai ta koma ruwa. Daga nan a bar ta ta ɗan ɗumama a cikin wata doguwar hasumiya. Naitirojin shi ne mai gaggawa, yana tafasa tun a digiri 196 ƙasa da sifili, ya yi sama. Oksijin kuwa sai a 183, don haka shi ake bari a ƙasa. Tazarar digiri 13 ɗin nan, a kanta aka gina sana'ar gaba ɗaya.

Bajamushe Carl von Linde ne ya buɗe hanyar mai da iska ruwa a 1895, bayan ya daɗe yana ƙera injinan ƙanƙara. Amma labarinmu na yau na wani Bafaranshe ne, Georges Claude. Shi tun farko da asetilin ya fara, gas ɗin nan da masu walda ke samu in sun zuba ruwa a kan karbi. Asetilin shi kaɗai haske yake bayarwa. In aka haɗa shi da oksijin, harshen wutar ya wuce digiri 3,000, ya yanka ƙarfe kamar wuƙa a jikin kabewa. Matsalar ita ce oksijin na da tsada a lokacin. A 1902 Claude ya gano tasa hanyar mai da iska ruwa, kuma a shekarar suka kafa Air Liquide a birnin Paris, shi da abokinsa Paul Delorme. Claude ke da basira, Delorme ke riƙe da asusu.

Ba su zauna gida ba. A 1907 har sun isa Japan, a 1913 kuma hannun jarinsu ya shiga kasuwar Paris. Ragowar wani gas da ke fita wajen tace iska, neyon, shi Claude ya ɗura a bututun gilashi ya nuna a 1910, fitilun talla masu jan haske suka samo asali. A 1943 wani injiniyan kamfanin, Émile Gagnan, tare da mai binciken teku Jacques Cousteau suka ƙera na'urar da masu nutso ke numfashi da ita a ƙarƙashin teku. Shi dai Claude ƙarshensa bai yi kyau ba: ya mara wa ƴan Nazi baya lokacin da suka mamaye Faransa, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1945, aka sako shi a 1950.

Yanzu mu zo kan kuɗi, don nan ne daɗin labarin. Kayan aikinsu kyauta ne, babu mai sayar musu da iska. Abin da ke cin kuɗi biyu ne: kuran da nisa. Injinan matse iska na shan wutar lantarki ba kaɗan ba. Ita kuma tukunya, ƙarfenta ya ninka gas ɗin da ke ciki nauyi sau huɗu ko biyar. Kamiyon da ya ɗauki tukwane daga Yamai zuwa Tawa, sama da kilomita 500, galibin abin da ya ɗauka ƙarfe ne, kuma dole ya dawo da ƙarfen nan fanko.

Saboda haka manyan masu saye ba a kai musu a tukunya. Matatar mai ko masana'antar ƙarfe, a bakin ƙofarta ake gina injin, a ja bututu, a sa hannu kan yarjejeniyar shekara 15. Ko ka sha ko ba ka sha ba, akwai adadin da za ka biya. In farashin kuran ya tashi, a kanka zai sauka. Matsakaita ana kai musu ruwan oksijin a tanka, tunda lita 1 ta ruwan na komawa kusan lita 860 ta gas. Ƙanana irin mai waldan Katako su ne ƴan tukunya, kuma sau da yawa tukunyar ma ba tasu ba ce, haya ce. Ni a ganina nan wayon yake: wanda ya riga ya shimfiɗa bututu ya zuba tukwane a gari, da wuya baƙo ya ƙwace masa kasuwa.

Shi ya sa manyan ba sa ɓata lokaci wajen jan masu saye ɗaya bayan ɗaya, junansu suke saye. A 2016 Air Liquide ya sayi Airgas na Amurka a kan dala miliyar 13.4. A 2018 kamfanin Linde na Jamus ya haɗe da Praxair na Amurka ya zama na ɗaya a duniya. Cinikin Air Liquide a 2024 ya kai kusan yuro miliyar 27, wato sama da sefa miliyar 17,000. Ya ninka kasafin kuɗin Nijar na shekara fiye da sau biyar.

A Afirka fa? A 2021 kamfanin ya sayi injinan oksijin na kamfanin Sasol da ke garin Secunda, Afirka ta Kudu, wurin da ya fi ko'ina samar da oksijin a duniya, tan 42,000 a rana. Sai ga shi a 2024 ya sayar da rassansa na ƙasashe 12 ga masu zuba jari na Adenia, ciki har da maƙwabtanmu Mali da Burkina Faso da Benin. Duka 12 ɗin, cinikinsu na shekara kusan yuro miliyan 60 ne. Inda babu manyan masana'antu da za a ja wa bututu, saura tukwane da kamiyo da doguwar hanya.

Asibitoci da yawa a yankinmu, musamman tun annobar korona ta 2020, sun koma ga ƙaramin injin da ke tace iska a harabarsu. Shi ba ya buƙatar wancan sanyi. Yana tura iska ta cikin wasu ƙwayoyi da ake kira ziyolit, su riƙe naitirojin, oksijin mai tsabtar kusan kashi 93 ya wuce. Amma shi ma da kuran yake rayuwa. Wuta na ɗaukewa injin ya yi shiru, sai a tada janareta, ko a garzaya a buɗe tukwanen da aka cika aka jingine a bango.