Kwaɗon da ya baro dafinsa a daji

Kun ga bidiyon nan da ke yawo? Mutum ya ɗora kwaɗo rawaya a tafin hannu, hankalinsa kwance, jama'a na ta musu wai ai taɓa shi mutuwa ne. To, a tsaya tukuna.

Akwai wasu kwaɗi masu dafi guda uku, 'yan gida ɗaya, duk a dazukan yammacin Kolombiya. Babban shi ne Phyllobates terribilis, ruwan zinariya tun daga kai har ƙafa, kimanin santimita 5. Sai a 1978 masana suka raɗa masa suna. Na biyu bicolor ne, kamar ya sa baƙar safa. Na uku, baƙi mai ratsi biyu, shi ne aurotaenia. Kada ku yi saurin rantsuwa, don terribilis ma yana ƙarami baƙi ne mai ratsi.

Terribilis na daji yana ɗauke da dafi wajen miligiram 1, wanda aka kiyasta zai kashe mutum 10. Mafarautan ƙabilar Embera ta yankin goga tsinin kibiya kawai suke yi a bayansa. Sauran biyun kuwa sai an tsire su kafin su fitar da isasshe.

Ga inda ake ruɗewa. Alamu sun nuna kwaɗon ba shi yake haɗa dafin ba, ci yake yi. Ƙananan ƙwari yake lasa a ƙasan daji, ya tara gubarsu a fatarsa. Wanda aka ƙyanƙyashe a akwatin gilashi, aka raine shi da ƙudajen 'ya'yan itace, launin na nan, tsallen na nan, dafin babu. Bindiga ce ba harsashi. Wane ƙwaro ne takamaimai? A 2004 an sami irin wannan guba a jikin wasu ƙananan ƙwari a Niu Gini, shi ya sa ake zargin danginsu na Kolombiya.

Don haka ni dai in na ji an ce "ai ana kiwonsu a Turai, ba za su ƙare ba", sai in yi shiru. Terribilis da bicolor duk suna jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Sare daji da haƙar zinariya na cinye ɗan yankin da suke da shi. A 2012 ƙungiyar kare halittu ta ProAves ta keɓe wa terribilis wani gandu kusa da garin Timbiki a Kolombiya.

Af, wanda aka kamo daga daji yakan riƙe dafinsa shekaru. Kafin ka miƙa hannu, tambayi inda aka haife shi.