Ƙofa Mafi Girma a Ƙarƙashin Baka: Lacca kan Kalkulas a Kaduna

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? Madalla. Abubuwa biyu zan taɓo.

Na farko, matsalar kanta. Magini ya ɗaura baka a zaure, tsayinta ƙafa 12 daga tsakiya, lanƙwasarta na bin y = 12 − x², inda y ke nufin tsayin baka, x kuma nisa daga tsakiya. Ana son a sa ƙofa mai kusurwa huɗu a ƙarƙashinta, wadda ta fi kowace girma. In ka faɗaɗa ta, dole ta gajarce, don baka ta sunkuyo. In ka ɗaga ta, dole ta tsuke.

Mu auna x daga tsakiya zuwa gefe. Faɗin ƙofa 2x, tsayinta 12 − x². Ninka su, ka sami girman ƙofa, mu kira shi A: A = 24x − 2x³. Ku gwada. In x ya zama 1, ƙafa 2 sau 11, wato 22. In 3 ne, 6 sau 3, wato 18. Ya hau, ya sauko. Ke nan akwai ƙololuwa a tsakani.

Nan ne wurin da nake ƙauna, ku yi haƙuri in daɗe a kai. Wanda ya hau gadar Kawo da Keke Napep ya san abin. Wajen hawa injin na kuka, wajen sauka direba na taka birki. Amma can a sama akwai ɗan wurin da ba hawa ba sauka. Gangara ta zama sifili. Sifili fa! Ba sai ka gwada lambobi ɗari ba, ba sai ka ɓata katako ba. Ka tambayi lissafi kawai: ina gangara ta zama sifili? Fermat, masanin lissafi na Faransa, ya kama wannan dabara tun wajen 1630, sannan Leibniz, masanin lissafi na Jamus, ya buga tasa hanyar a 1684. Ku maimaita: a ƙololuwa, ba hawa ba sauka. Kai mai jar hula, ban ji muryarka ba.

To, bisa ƙa'idar kalkulas, wato lissafin yadda abu ke canzawa, gangarar A ita ce 24 − 6x². Daidaita ta da sifili, x² = 4, x = 2. Faɗi ƙafa 4, tsayi ƙafa 8, girma 32. Kafinta ya huta.

Na biyu da'ira ce, ita a gurguje: in a cikin da'ira ake neman siffa mai kusurwa huɗu mafi girma, murabba'i, mai tsayi da faɗi ɗaya, shi ne ke cinyewa. Lokaci na gudu. Hajiya, ga hannunki a sama.

Ta ce ita tela ce, in ƙyalle ya rage mata mai siffar alwatika, wane yanki mai kusurwa huɗu ne mafi girma da za ta fitar? Hajiya, kin kawo tambaya mai kyau. Hanyar ɗaya ce. In gindin b ne, tsayin h, kika yanka a tsayin y, faɗin zai zama b(1 − y/h). Ninka da y, nemi inda gangara ta zama sifili, y = h/2 zai fito. Ki auna rabin tsayi ki ja alli a nan. Rabin ƙyallen za ki samu cif, duk yadda alwatikar take, muddin kin ɗora a kan gefe mafi tsawo. Wa ke da takarda da almakashi? Kawo nan mu yanka kowa ya gani.