Bambancin maza da mata: tsakanin mai tsoron magana da mai magana ba hujja

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, 'yan uwa maza da mata, sannunku da zuwa.

A shekarar 2005 shugaban jami'ar Harvard ta Amurka, Lawrence Summers, ya ce wataƙila halitta na da hannu a ƙarancin mata a manyan muƙaman kimiyya. Aka yi masa ca, kuma maganar na cikin abubuwan da suka kai shi ga ajiye aiki a 2006. A 2017 kamfanin Google ya sallami wani injiniya kan makamanciyarta. Can abin ya kai mutum sai ya tauna sosai kafin ya ce namiji da mace ba ɗaya ba ne, don gudun a ce ya ci zarafi. Ni ban ga amfanin toshe baki ba. Galibin maza sun fi mata tsawo da ƙarfin damtse, mata kuma sun fi maza tsawon rai a kusan kowace ƙasa. Wanda ya faɗi haka bai zagi kowa ba.

To amma jama'a, ciwonmu a nan daban ne. Mu faɗa muke yi ba hujja. "Kan mace ba ya ɗaukar lissafi." "Karatun ɗiya mace a madafi yake ƙarewa." Don Allah wa ya auna? Ko ma an auna dubban mutane an ga inda galibinsu suka karkata, wannan ba ya yanke wa yarinya guda hukunci. Maryam Mirzakhani, 'yar ƙasar Iran, ta karɓi lambar Fields a 2014, lambar da masana lissafi ke ɗauka kamar Nobel.

Ba ma sai mun je nesa ba, ga Hubbaren Shehu nan a Sakkwato. Shehu Usmanu a cikin littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da almajirai, su bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Ita ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa ta naɗa ta jaji, ta aza mata malfa, ita kuma ta koma ƙauyensu da waƙoƙin karatu a ka, tana biya wa matan aure tauhidi da tsarki da sallah. Wanda duk ya ce karatun mata baƙon abu ne da Turawa suka kawo, bai san garin da yake zaune ba.

Na taɓa ganin wani magidanci a bakin ɗakin haihuwa, ya tuɓe hula yana murza ta a hannu, yana tambayar ma'aikata ko babu likita mace. Wallahi na tausaya masa, kuma kishinsa halal ne. Sai dai likitar da yake nema ɗiyar wani ce da aka bari ta gama sakandare, ta yi aƙalla shekara shida a jami'a. Iyaye, in an kawo muku sakamakon jarrabawa, ku duba na 'yan matan da irin idon da kuke duba na samarin. Akwai masu tambaya a baya, a miƙa masu lasifika.