Magungunan taɓin hankali a ciwon bayifola da ciwon damuwa

A shekarar 1952, likitoci a asibitin Sainte-Anne da ke birnin Paris na Faransa suka fara ba masu taɓin hankali maganin chlorpromazine, kuma daga nan ne aka samu jerin magungunan da ke rage ƙarfin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa. A yau ana ba da su ga masu ciwon bayifola, wato ciwon da ke kai mutum ga zumuɗi mai tsanani, ya daina barci, ya riƙa surutu da ɓarnar dukiya, sannan daga baya ya jefa shi cikin baƙin ciki mai nauyi.

Babban amfaninsu shi ne saurin aiki. Haloperidol, olanzapine da risperidone suna iya kwantar da zumuɗin cikin 'yan kwanaki, har mara lafiya ya samu barci. Quetiapine kuwa yana taimakawa a lokacin baƙin cikin, aripiprazole kuma akan haɗa shi da maganin ciwon damuwa idan wancan shi kaɗai bai wadatar ba.

Illolinsu ne ke bukatar a tsaya a kansu. Tsofaffin magungunan, irin su chlorpromazine da haloperidol, sukan kawo sanƙarewar jiki, rawar hannu da dalalar miyau, wani lokaci wuya ya murɗe ko idanu su kafe sama, abin da iyalai da yawa ke ɗauka shafar aljanu ce, alhali likita na iya warware shi da allura ko da rage adadin maganin. Akwai kuma wata illa mai ruɗarwa, inda mutum ke kasa zama wuri ɗaya, yana ta kai da komo. Sai a zaci ciwon ne ya tashi a ƙara masa magani, lamarin ya daɗa muni. Sababbin magungunan kuwa, musamman olanzapine, suna buɗe ciki, su jawo ƙiba da hauhawar sukari da kitse a jini, don haka wajibi ne a riƙa auna nauyi da sukari a kai a kai. Risperidone na iya tsayar da jinin al'ada ko ya sa nono ya kawo ruwa.

Zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar jiki da ruɗewa alama ce ta gaggawa, a garzaya asibiti nan take. A sauran illolin, kada a yanke maganin lokaci guda, domin ciwon yakan dawo. A koma wurin likitan ƙwaƙwalwa ya rage shi sannu a hankali ko ya canza wani.