Tikitin da na ɗage

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, ruwa ake tafkawa, irin ruwan Kuala Lumpur da ba ya sallama kafin ya sauko. Na fito baranda ne saboda abokan zamana sun kwanta. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ke nan a wurinmu, ku kuwa mutanen Kaduna yanzu kuke fitowa daga sallar La'asar. Awa bakwai ce tsakaninmu.

Yau babu zagayen kasuwa, babu ɗanɗana abinci. Wani bawan Allah daga Rigasa ya turo mini saƙo, ya ce an sallame shi daga aiki, ga iyali ba lafiya, barci ya ƙaurace masa. Wai kullum yana ganina cikin fara'a, in gaya masa sirrin. Ɗan uwa, ni ba malami ba ne, injiniyanci ya kawo ni ƙasar nan. Amma zan ba ka labarin da ban taɓa bayarwa a gaban kyamara ba.

A watan Fabrairun 2020 tikitina yana hannu, na biya, zan je gida in yi sati uku. Baba ya daɗe yana fama da hawan jini, kuma a 'yan kwanakin nan ya fara ce mini a waya, "To yaushe za mu gan ka?" Mutumin da tunda na bar gida bai taɓa yi mini wannan tambaya ba. Sai na duba aikin digirina, na ga in na daure wata guda zan kammala gwajin da nake kai. Na ɗage tafiyar zuwa ƙarshen Maris. Ba wanda ya tilasta mini, da hannuna na danna.

Ranar 18 ga Maris Malesiya ta kulle saboda korona. Ranar 23 Najeriya ta rufe filayen jirgin Legas da Abuja ga jiragen ƙasashen waje. Ranar 26 aka sa dokar zaman gida a Kaduna. Kafin in farga duk wata ƙofa da ke tsakanina da Tudun Wada ta rufe.

Saura kwana goma a ɗauki azumi, ina tsaye ina alwalar Asuba, waya ta yi ƙara. Duk wanda ya zauna a ƙasar wasu ya san kiran da ke shigowa a lokacin da ba a saba ba, tun kafin ka ɗauka gabanka ya faɗi. Yaya ne. Ya yi sallama, ya yi shiru, sannan ya ce, "Sai haƙuri." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

Da gari ya waye a can aka yi jana'iza, mutane ƙalilan saboda dokar. Ƙanena ya riƙe mini waya in gani ta WhatsApp. Na ga an ɗauki makara, na ga ƙofar gidanmu, sai hoto ya daskare. Kafin sabis ya dawo an riga an fara zuba ƙasa. Ban ɗauki makarar mahaifina ba, ban zuba masa ƙasa ko tafi ɗaya ba.

Akwai wani ɗan Indunusiya da muke haya tare. Da ya ga halin da nake ciki sai ya ce mu yi wa Baba sallar gawa daga nan. Mu da muka tashi a Malikiyya ba mu saba da ita ba, amma su Shafi'iyya suna yi, hujjarsu kuwa sallar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Najjashi sarkin Habasha yana Madina. Masallatai a rufe suke, don haka muka ture teburin cin abinci, mu huɗu, muka yi kabbara huɗu a tsakanin firiji da ƙofa. Allah ya saka wa yaron nan da alheri duk inda yake.

Ba a ranar abin ya kayar da ni ba. Bayan sati biyu ne, da kiran ta'aziyya ya ɗauke. Sai wata kalma ta zauna mini a ƙirji: da na tafi. Da na tafi a Fabrairu. Da na ji abin da yake nufi da tambayar nan. Ina tayar da kabbara tana nan, ina buɗe-baki tana nan. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take, to ni tawa ta zagayo gaba ta tare mini hanya. Na yi azumin shekarar kamar wanda ake ja da igiya.

Bari in ɗan yi ƙorafi a nan. Wani da na buɗe wa cikina ya ce mini, "Haba, mumini ba ya irin wannan damuwar, ƙarancin tawakkali ne." Don Allah mu daina gaya wa mai jin ciwo haka. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma Alƙur'ani bai zarge shi ba, sai ma ya kawo mana maganarsa cewa wurin Allah kaɗai yake kai kukansa. Manzon Allah da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. To waye ni, waye kai?

Umma ce ta kamo ni. Tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ita ya kamata in rarrasa. Na kira ta wani dare, na fara 'yar waƙar tawa ta da na zo. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Babana," haka take kirana don sunan mahaifinta gare ni, "da ka zo ɗin, numfashi nawa za ka ƙara masa?" Na yi shiru. Ta ce, "Ranar da ka ɗage tafiyar nan ina zaune. Cewa ya yi, madalla, ya gama abin da ya kai shi. Shi ya sallama maka, kai ne ka ƙi sallama wa kanka. Ka manta uban da ya haife ka ne?"

Ban manta ba, na dai ajiye ne. Baba ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, tun lokacin da in an tashi aiki kekuna ke cika titi. A 2002 masaƙarsu ta rufe, aka bar su da alkawarin haƙƙin da har ya koma ga Allah bai gan shi cikakke ba. Abokan aikinsa da yawa zuciya ta kwantar da su. Shi kuwa kwana uku ya yi a gida. Rana ta huɗu ya sayar da kekensa, ya ɗauki dilar gwanjo, ya shimfiɗa a Kasuwar Barci. Mutumin da ya shekara ashirin yana saƙa sabon yadi ya koma ɗaga tsofaffin rigunan Turawa yana kiran farashi. Da gwanjon nan ya biya mana kuɗin makaranta mu shida. In ya dawo daga Asuba ya kan tsaya a tsakar gida ya nuna mana tsuntsayen da ke tashi daga bishiyar darbejiya, ya kawo hadisin nan na cewa suna fita da yunwa su dawo a ƙoshe. Sai ya ƙara da nasa: "Amma ku lura, fita suke yi."

Bayan wayar nan na koma na nemo hadisin da ke cikin Muslim, wanda tun muna Islamiyya muka haddace ba mu san nauyinsa ba. In abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ta faru, ka ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata, domin kalmar "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Wallahi kamar da ni ake. Na mayar da shi aiki: duk lokacin da kalmar ta taso, in tare ta da ƙaddarallahu wa ma sha'a fa'al. A farko sau hamsin a yini, baki na faɗa zuciya na gardama. A hankali gardamar ta fara gajiya.

Kuma na je na ga likita a kan rashin barcin, ban ɓoye ba. An ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah, ba a ce ka sake shi ba. Na koma ɗakin gwaji, na gama aikin da na ɗage tafiya dominsa, tunda mai shi ya sa masa albarka.

An buɗe filayen jirgi a watan Satumba, ni sai Disamba na samu sauka. Na hau jirgin ƙasa daga Abuja zuwa Rigasa, unguwarku ke nan ɗan uwa, ban ko ajiye jaka ba Yaya ya wuce da ni maƙabarta. Kabarin babu suna, ciyawa ta bushe a kai, sai da ya ƙirga daga jikin katanga kafin ya nuna mini. Na tsuguna na yi masa addu'a, na yi kuka mai isata. Abin da ya ba ni mamaki, na laluba kalmar nan a ƙirjina ban same ta ba. Takan leƙo har yanzu, musamman in Sha'aban ya kama, amma baƙuwa ce yanzu, ba mai gida ba.

Don haka ɗan uwa, gobe in ka idar da Asuba kada ka koma shimfiɗa. Ka kai iyali asibiti da abin da ya samu, ka je wurin mutum uku da ka san suna da hanya, ka faɗa musu ba kunya. Ka turo mini abin da ka iya da hannunka, akwai mutanen Kawo da Unguwar Rimi da yawa da ke kallon tashar nan.

Af, ga Umma nan tana kira. In ban ɗauka ba za ta ce ruwan nan ya tafi da ni. Sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.